Fayafayan Baba sun fara karcewa: da wace manhaja zan kwashe su?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana kwali guda cike da fayafayan CD, sun haura ɗari. Yawancinsu tafsirin watan azumi ne da wa'azi, sai waƙoƙin makaɗan gargajiya da yake so. Wasu sun fara tsalle idan an kunna, biyu ma sun daina yi kwata-kwata. Na kai guda biyar wurin masu tura waƙa a kasuwa, amma sautin da aka ba ni ya dushe, kamar ana magana a cikin tulu. Ƙanena ya ce in yi da Windows Media Player, wata abokiyar aikina kuma ta ce sai dai FLAC. Wanne zan bi? Daga wata mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa karatun nan da ya tara ya zame masa haske.

Ƙanenki da abokiyar aikinki ba kan abu ɗaya suke magana ba. Windows Media Player manhaja ce, ita ke karanta faifai. FLAC kuwa nau'in fayil ne, wato mazubin da za a zuba sautin bayan an karanto shi. Dukansu biyu za ki yi zaɓi a kansu, amma akwai aikin da ya riga su.

Ki fara saka faifan a kwamfuta ki buɗe shi ki ga abin da ke ciki, domin ba duk abin da muke kira CD a kasuwanninmu ne faifan sauti na asali ba. Idan kin ga fayiloli masu ƙarewa da mp3, ba kya bukatar kowace manhaja: ki kwafe su kai tsaye zuwa wata folda, kamar yadda ake kwafar hoto. Kada ki bari a sake matse su, wato a rage girman fayil ɗin. Ina zargin abin da ya faru da guda biyar ɗin nan ke nan, an ɗauki sautin da aka riga aka matse aka ƙara matse shi don ya yi sauƙin turawa. Idan kin ga folda mai suna MPEGAV da fayiloli masu ƙarewa da DAT, wannan VCD ne, faifan kallo. Shi ma kwafarsa ake yi, kuma manhajar VLC na iya ciro muryar daga cikinsa. Sai idan kin ga jerin Track01.cda, Track02.cda, kowanne ɗan mitsitsi, to wannan ne faifan sauti na gaskiya. Waɗannan ƙananan fayiloli alama ce kawai ta inda kowace waƙa ta fara, ko kin kwafe su ba za ki ji komai ba. A nan ne ake neman manhaja.

Ni dai tun da na fara wannan aiki, a Windows ban ga kamar Exact Audio Copy ba, wadda aka fi sani da EAC. Wani Bajamushe mai suna Andre Wiethoff ne ya fitar da ita a 1998, kuma kyauta ce ga mai amfanin kansa. Bambancinta da sauran shi ne ba ta yarda da karatu ɗaya. Idan aka sa ta a tsarin da aka rubuta Secure, takan karanta kowane yanki ta sake karantawa, in ba su yi daidai ba ta yi ta maimaitawa, a ƙarshe ta ba ki rahoto cewa a minti kaza da daƙiƙa kaza akwai wurin da take shakka. Manhajar da ba ta da wannan tsari takan wuce wurin da ya karce ta cike gurbin da abin da ta samu, ba za ki sani ba sai ranar da kika ji "ƙas" a tsakiyar aya.

Na ga amfanin wannan a kan faifan walimar saukar karatun wani ɗan yayata. Da na ɗaga shi sama saitin taga, sai na ga haske na ratsowa ta wasu ƙananan huji kamar bakin allura, fatar saman ta fara ɓarewa. Na saka shi bayan la'asar. Da ya kai waƙa ta huɗu sai gudun ya ragu, jajayen ɗigo suka fara kunnuwa a allon EAC layi bayan layi, injin yana ta gurnani yana komawa baya. Sai bayan isha'i ya gama. Wuri biyu kawai ya kasa, kowanne bai kai daƙiƙa ɗaya ba, kuma muryar kakar yaron da ta yi addu'a a ƙarshe, wadda yanzu ba ta duniya, ta fito tsaf. Shi ya sa nake roƙonki ki fara da fayafayan da aka buga a shago, masu bayan kore ko shuɗi da rubutun maka a kai. Sun fi na kamfani saurin lalacewa, musamman da zafinmu. Ki goge su da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, kuma ki lallaɓa saman da aka yi rubutu, domin sautin yana kwance ne dab da ƙarƙashinsa.

Gaskiya EAC tana da wuyar saiti a karon farko, kuma za ta nemi ki haɗa ta da LAME, wata ƙaramar manhaja mai mayar da sauti MP3, in kina son MP3. In hakan zai yi miki nauyi, ki sauko da fre:ac. Ita ma kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, ta zo da kayan matse sautinta a haɗe, kuma tana duba AccurateRip, wato rumbun intanet da ke gwada kwafinki da na wasu mutanen da suka kwashe irin faifan. Sai dai kada ki damu in ya ce bai san faifanki ba. Yawancin fayafayan malamanmu da makaɗanmu ba sa cikinsa. Akwai dBpoweramp mai sauri da sauƙi, amma ta kuɗi ce. Mai kwamfutar Mac ya nemi manhajar XLD. Windows Media Player ba laifi ga faifai mai lafiya sumul, in dai an shiga saiti an canza nau'in fayil daga WMA, wanda rediyoyi da yawa ba sa karantawa. Ga fayafayan da suka fara tsalle, ban ba ki shawararta ba.

Yanzu batun mazubi. Faifan CD yana ɗaukar samfurin sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, abin da ke cin kusan megabait 10 a minti ɗaya, wato awa guda ta haura megabait 600. FLAC yana rage wannan zuwa wajen rabi ko sama da haka kaɗan ba tare da ya zubar da komai ba, kamar a ninke zane a sa a akwati. MP3 kuwa yankewa yake yi, yana zubar da abin da yake ganin kunne ba zai lura da shi ba, kuma abin da ya zubar ya tafi ke nan. Don haka mayar da MP3 zuwa FLAC ba ya gyara komai, wuri kawai zai cinye miki.

Ga yadda zan yi da ni ne: kowane faifan sauti in karanta shi sau ɗaya zuwa FLAC, in ajiye a matsayin uwa. Faifai ɗari ba za su wuce gigabait 40 ba. Daga wannan uwar sai in fitar da MP3 na rabawa. Waƙoƙin kalangu da kukuma da kotso a ba su haƙƙinsu, a sa LAME a matakin V2, kusan 190 kbps (ma'aunin yawan bayanan sauti a kowace daƙiƙa), awa guda ta zo wajen megabait 85. Tafsiri da wa'azi kuwa murya ce zalla, 64 kbps a layi ɗaya, wato mono, ya wadatar, awa guda ba ta kai megabait 30 ba. Na san nau'in fayil na Opus, wanda WhatsApp ke amfani da shi a saƙon murya, ya fi MP3 iya matse magana, amma ƙaramar rediyo mai cin memori da ke gefen tabarmar Inna MP3 ta sani.

Ki rubuta sunan malami da surar da shekarar tun kina riƙe da faifan a hannu. Manhajar Mp3tag na sauƙaƙa wannan. A sunan fayil ki guji ƙ da ɗ da ɓ, domin rediyon mota kan nuna su a matsayin akwati ko alamar tambaya. Ki fara lamba da 01, 02, ba 1, 2 ba, don kada zama na 10 ya riga na 2. In kwamfutarki ba ta da wurin saka faifai, akwai na waje mai jonawa ta USB, kuma ki tabbatar da caji kafin ki fara, kada wuta ta ɗauke a tsakiyar faifai mai wahala.

Biyun nan da suka daina yi, kada ki yar da su tukuna. Ki gwada su a wata kwamfutar, don sau da yawa abin da wannan inji ya kasa karantawa wancan yakan karanta. Uwar FLAC ɗin kuma ki yi mata kwafi biyu, ɗaya a wurinki, ɗaya a gidan ƙanenki.