Tambayoyinku kan dinarin azurfa na Rumawa

Daga Kano: "An turo min hoton dinarin Sarki Tiberius guda goma, iri ɗaya sak, da araha. In saya?"

Malam, riƙe kuɗinka. Rumawa da guduma suke buga kuɗinsu ɗaya bayan ɗaya, ba a samun biyu da gefensu da laƙushewarsu suka zo daidai. Goma iri ɗaya, mazubi ɗaya suka fito. Abin da ke ba ni haushi, mutum zai yini yana taya buhun shinkafa, amma da ya ji "shekara dubu biyu" sai ya tura kuɗi a kan hoto! Ka nemi sikelin da ke auna 0.01 na giram. Dinarin Sarki Augustus da Tiberius yana kusa da giram 3.8, bayan gyaran Sarki Nero na shekarar 64 Miladiyya ya koma wajen 3.4, faɗinsa kuma milimita 18 zuwa 19. Sa madubin ƙara girma ka bi gefen: siririn layi kamar ɗinki, ƙananan ramukan kumfa, da haruffa masu kama da sabulun da ya jiƙa, duk alamun zubi ne. Kada ka yarda da maganaɗisu kaɗai, kamar yadda ba ya kama azurfa, dalma da tagulla ma ba ya kama su. Wanda ya ƙi faɗa maka nauyi da inda kayan suka fito, rabu da shi.

Daga Zariya: "Nawa ya yi baƙi, ina tsoron ya lalace. In goge da toka?"

A'a, 'yar'uwa, kwantar da hankalinki, lafiyarsa ƙalau. Masu saye wannan duhun suke so. Toka na kankare rubutu, tsohuwar azurfa kuma takan yi gautsi ta tsage. Kada ki bari maƙeri ya goga shi a dutse. Riƙe shi ta gefe, ki ajiye inda babu danshi.

Daga Maraɗi: "Yaya zan san shekarar dinarina? An rubuta TRAIANO da COS V."

Na Sarki Trajan ne, kuma COS V, wato ya riƙe babban muƙamin mulki na consul sau biyar, na nufin tsakanin shekarar 103 da 111. Duba kambin da ke kan sarkin ma: ganye, dinari ne, mai tsinkaye kamar hasken rana, wani kuɗin ne daban mai suna antoninianus da Sarki Caracalla ya fito da shi a shekarar 215, wanda zuwa zamanin Sarki Gallienus azurfarsa ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba.