Tambayi likita: wai ƙudan zuma ma sai an kai su wajen likita?

Tambaya daga Toro: Salam likita, inada amya goma sha biyu, bana na buɗe biyu naga tsutsotsin cikin saƙar sun mutu suna wari. Abokina yace in fasa kafso ja da yalo a ruwan suga in basu. Ya kake gani?

Wa alaikumus salam. Malam dan Allah ka ajiye kafson nan tukuna, ai baka ma san me ya kashe su ba. Wani lokacin asu ne ko ƙwaro ko yunwa, kuma ba wanda kafso ke yiwa magani a cikinsu. In kuwa cutar ruɓewar tsutsa ce, wadda ake kira ta Amurka, to nan ne ma matsalar, domin ƙwayar cutar tana yin ɓawo ta kwanta a cikin amya sama da shekara 30, maganin baya taɓa ta, alamar kawai yake rufewa kaga kamar an warke, kana daina bayarwa ta dawo, kafin nan ƙudan sun kai ta sauran amyoyin. Ka tsoma tsinken ashana a ramin da tsutsar ta mutu ka jawo a hankali, in kaga yana yauƙi kamar miyar kuɓewa to ka nemi likitan dabbobi a sashen gona na ƙaramar hukumarku. In an tabbatar ita ce, ƙona amyar akeyi, nasan da ciwo.

Wani daga Alkaleri: Haba likita, likitan shanu da kaji me ya sani akan zuma?

Dariya ka bani wallahi. Ai ƙudan zuma ma abin kiwo ne, kuma abinda suka samar cikinmu yake shiga. A Amurka tun Janairun 2017 mai kiwon zuma baya samun magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su oksitetrasaikilin ko tailosin sai da takardar likitan dabbobi. A 2002 Tarayyar Turai ta hana shigo da zumar Chana saboda an sami kuloramfenikol a ciki, maganin da kan iya hana ɓargo yin jini. Mu nan kowa kemis ɗin kansa ne, shi yasa yanzu zaka rubutawa mutum magani yasha ya ƙare ciwon ko gezau, ƙwayoyin cutar sun saba dashi.

Wata uwa daga Wunti, cikin garin Bauchi: Yarona wata biyar yana tari, kakarsa tace in lasa masa zuma. Ya halatta?

Hajiya a'a, sai ya cika shekara ɗaya, ko da zumar amya ce tsantsa ba haɗi. Tana iya ɗauke da ƙwayar da hanjin jariri baya iya yaƙa, sai kiga ya daina kashi, jikinsa ya saki, ya kasa tsotso. Ki lallaɓa Goggo ki faɗa mata likita ne ya hana, ki cigaba da bashi nono, in kinga numfashinsa yana sauri ko haƙarƙarinsa yana lotsawa ki kaishi asibiti a ranar.