Tambayoyinku: Gidan naman Salt Bae a Santambul

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni 'yar kasuwa ce a Kano, wata mai kamawa zan je Santambul sarin abayoyi da kayan yara a Laleli. 'Ya'yana sun dame ni, wai lallai sai na shiga gidan abincin mutumin nan mai barbaɗa gishiri na ɗauko musu hoto. Wurin ya isa a je? Kuma namansa halas ne?
Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya kai ki lafiya, ya sa wa neman albarka.

Sunan mutumin Nusret Gökçe, haifaffen yankin Erzurum a 1983. Yaron mahauta ne tun yana ƙarami, a nan ya koyi wuƙa. A 2010 ya buɗe gidan namansa na farko mai suna Nusr-Et a unguwar Etiler, aka buɗe reshen Dubai a 2014. Sai a Janairun 2017 wani ɗan bidiyo nasa ya zaga duniya, gishiri na gangarowa ta gwiwar hannunsa, sunan Salt Bae ya bi shi. Daga nan 'yan ƙwallo da shugabanni suka yi ta tururuwa. A 2019 Franck Ribéry ya ci naman da aka lulluɓe da zinare a reshen Dubai, aka yi masa ca, ya mayar da martani da zagi, har Bayern Munich ta ci shi tara.

Maganar halas: Turkiyya ƙasar Musulmi ce, yawancin naman da ke kasuwanninta yankan Musulmi ne. Sai dai gidajen abinci irin wannan suna sayar da giya, kina iya ganin kwalba a teburin da ke kusa da naki. Sannan yawanci suna kawo naman da sauran ja a ciki. Mu da muka tashi da tsire da balangu ba mu saba ba, don haka ki ce musu "iyi pişmiş", wato a gasa sosai.

In kin ƙudura zuwa, akwai reshe a cikin babbar kasuwar Kapalıçarşı, da ƙafa ma kya isa daga Laleli. Ki duba farashi kafin ki nuna komai, kuma ki bar na zinaren, zinare ba shi da ɗanɗano. Kada ki sa rai da ganin mai gidan, rassansa sun watsu a ƙasashe. Rabin kuɗin da za ki biya na suna ne, ki shiga da sanin haka.

Ni dai abin da nake so ki ɗanɗana daban ne. Jirgin kan titi mai lamba T1 da ke ratsa Laleli zai sauke ki a Sultanahmet. Can akwai Sultanahmet Köftecisi, tun 1920 suke gasa niƙaƙƙen nama. Ranar da na shiga, bayan azahar a Masallacin Sultan Ahmed, an ajiye min faranti da zafinsa, ga barkono mai tsami a gefe, ga kwaɗon farin wake da albasa, ga ayran, nonon su mai gishiri da sanyi. Ko mintina goma ban yi ina jira ba. Na tashi na ba wasu wuri, don layi ya kai bakin ƙofa.

Ranar da kika gama sari kuma, ki haura Beyoğlu ki nemi Hacı Abdullah, wanda tarihinsa ya faro tun 1888, ba sa sayar da giya. Da shigarki za ki ga kwalaben 'ya'yan itace jere a kanta. Ki nemi hünkar beğendi, naman rago a kan markaɗaɗɗen gasasshen yalo.

Yaran kuwa, bayan hoton, ki tsaya a Karaköy Güllüoğlu ki sa a ɗaure miki baklava, wani kayan zaƙinsu, a kwali. Tana jure tafiya, za ta iso Kano lafiya lau.