Shin gine-ginen garin Bodie na asali ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gine-ginen Bodie, tsohon garin masu haƙar zinariya da ya zama kufai a Kalifoniya ta Amurka, na asali ne. Na asali ne. An gano zinariya a wurin a 1859, garin ya cika ya batse wajen 1880, sannan gobarar 1932 ta lashe mafi yawansa. Tun 1962 hukuma take kula da ragowar gine-ginen ba tare da sabunta su ba, kuma wannan ne darajar wurin, domin idan ka leƙa tagar kanti za ka ga kaya jere, ƙura ta lulluɓe su. Kada ka ɗauki ko ƙusa, doka ta hana. Kafin ka je lokacin sanyi ka tuntuɓi ma'aikatan wurin, saboda dusar ƙanƙara takan toshe hanya.