Tambaya da Amsa: Awa nawa jirgi ke yi daga Kano zuwa Jidda?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifiyata za ta tafi Umara, tikitinta kuma ya nuna za su tashi daga Kano ƙarfe 11 na dare su sauka Jidda ƙarfe 6 na safe, amma a dawowa za su bar Jidda ƙarfe 8 na safe su iso Kano ƙarfe 11. Yaya aka yi zuwa ya ci awa bakwai, dawowa kuwa awa uku kacal? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya kai Hajiya lafiya. Tafiyar duk ɗaya ce, agogo ne ya kawo ruɗanin, domin Saudiyya tana gaban Nijeriya da awa biyu, kamfanonin jiragen sama kuma kan rubuta kowane lokaci da agogon garin da ake magana a kansa. Ƙarfe 6 na safen Jidda ƙarfe 4 ne na asubahin Kano, ke nan awa biyar za su yi. Haka ma ƙarfe 8 na Jidda ƙarfe 6 ne a nan gida, don haka dawowar ma awa biyar ce.

Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai kimanin kilomita 3,400 idan an bi miƙaƙƙiyar hanya, wadda ta ratsa sararin samaniyar Chadi da Sudan kafin ta tsallaka Bahar Maliya. Jirgin fasinja yakan yi gudun kilomita 850 ko kusa da haka a awa guda, abin da a lissafi zai ba da awa huɗu, sai dai lokacin da ke kan tikiti ya haɗa da gangarawar jirgi zuwa titin tashi, da hawansa sama, da rage gudunsa wajen sauka, ban da iskar da kan tura shi ko ta tare shi.

Duk wannan lissafi na lokacin zaman lafiya ne. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 an rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jirage suka riƙa yin zagaye, har kamfanonin jigilar alhazai suka nemi ƙarin kuɗi a Hajjin shekarar saboda ƙarin tsawon hanya. Don haka yana da kyau a tambayi ejan ko awa biyar ɗin tana nan daram, kuma ko jirgin zai ya da zango a hanya.

Idan Hajiya tana shan magani a kan lokaci, kamar na hawan jini ko ciwon suga, a sa shi cikin jakar hannunta, ta bar agogonta a kan lokacin gida har sai sun sauka, sannan ta tura shi gaba da awa biyu.