Shin tsuntsaye za su iya dawo mana da itatuwa a gurbin dam?

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ƙaramin dam na ƙasa da ke ƙauyenmu ya cike da laka, an fasa bakinsa ruwan ya koma tsohuwar hanyarsa. Yanzu gurbin fili ne fetal. Wani ya ce mu bar shi, tsuntsaye za su shuka mana itatuwa. Gaskiya ne? Daga mai karatu a Yamaltu-Deba, jihar Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, amma idan kuka naɗe hannu ciyawa da darbejiya za ku samu. A Amurka an rushe madatsun ruwa biyu a kogin Elwha tsakanin 2011 da 2014, kuma masu bincike sun lura tsuntsaye sun fi sauka inda ruwa ya bar manyan gungume. Duk da haka sai da mutane suka dasa dubban ɗaruruwan tsirrai da hannu.

Dalili shi ne tsuntsu mai cin 'ya'yan itace ya fi yin kashi a inda ya sauka, shi kuwa fili tsirara ba ya jan sa. Cilakowa da tsakwaikwaiwa suna haɗiye 'ya'yan ɓaure, cediya, gamji, da ƙananan 'ya'ya irin na magarya, iri ya fito lafiya tare da ɗan takinsa. Da dare jemage ne ke karɓar aikin. Kurciya kam ba ruwanta da wannan, ƙundunta niƙe iri yake yi.

Saboda haka ku yi wa tsuntsayen masauki. A watan Afrilu, kafin ruwan farko, ku kafa busassun itace masu rassa, tsawon mita 3 zuwa 4, tazarar mita 15 zuwa 20. Ku fara daga gefen da ya fi kusa da kurmi ko bakin rafi, don daga can irin zai fito. A binne gindin rabin mita, a ɗan babbake shi da wuta saboda gara. Abin da muka fi so ma shi ne ɗanyen reshen cediya ko durumi, tsawon mita 2, kaurin damtse, a dasa shi idan damina ta kankama. Zai yi saiwa, ya ba da inuwa, daga baya ya yi 'ya'yan da za su riƙa kiran tsuntsaye da kansu.

Ƙarƙashin masaukin ne aikin ya fi lalacewa. Lakar dam idan ta bushe takan dardare, ta yi ɓawo mai tauri, ƙaramin iri ya faɗa tsaga ya ɓace ko rana ta soya shi. A sassabe ƙasar da fartanya faɗin mita 2, a yi mata kunya siffar rabin wata ta ɓangaren gangare don ta tare ruwa, a barbaɗa ganye, sannan a kewaye da ƙaya. In babu ƙayar nan, akuya ɗaya ta isa ta share aikin damina guda da yamma ɗaya. Daga Nuwamba kuma a share layin tare gobara mai faɗin mita 3 a kewayen filin.

Ku sa ido kan darbejiya. Baƙuwa ce daga Indiya, tsuntsaye da jemage na son 'ya'yanta, kuma ta fi namu saurin tashi. A tuge ta tun tana ƙarama, ƙasa na da laima. Inda ruwa ke kwanciya ciyawar kacalla ce matsalar.

Gawo, maɗaci, marke da ɗorawa kada ku jira tsuntsu ya kawo su. Irin gawo ta kashin dabbobi yake yaɗuwa, maɗaci da marke iska ke ɗaukar irinsu. Waɗannan sai ku reno su a leda tun Fabrairu ko Maris, ku dasa a Yuli lokacin da ƙasa ta sha ruwa sosai.