Kafasitar da na canza ta sake kumbura, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon gyaran talabijin a Nima, nan Accra. Na canza wata kafasita (ɗan gwangwanin nan mai ajiye cajin wuta) da ta kumbura a fanel ɗin wuta, wata uku ba su cika ba aka dawo da talabijin ɗin, sabuwar ma ta kumbura. Akwai kuma wata talabijin da sai ta yi minti goma kafin ta kama, alhali duk kafasitocinta lafiya lau a ido.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka samu matacciyar kafasita, ka tabbatar ba caji a cikinta, ka yanke gwangwanin. Za ka ga fallayen alminiyam biyu an naɗe su da takarda mai damshi a tsakani. Wannan damshin shi ne ranta. Zafi ne ke busar da shi a hankali ta robar da ta toshe gindinta. Yana raguwa, turjiyar cikinta, wadda ake kira ESR, tana hauhawa, ita kuma turjiyar tana ƙara haifar da zafi. In iskar gas ta taru, sai kan ya kumbura, ko ya tsage ta zanen da aka yi masa don haka.

Duba jikinta, za ka ga 85°C ko 105°C, wato iyakar zafin da aka yi ta don ta jure. Ƙa'idar ita ce, duk ragin digiri 10 yana ninka kwananta. Wadda aka yi wa awa 2,000 a 105°C za ta kai wajen awa 8,000 a 85°C. Mai 85°C kuwa, a wannan zafin awa 2,000 ce kawai, ko wata uku ba ta cika ba in ana aiki dare da rana. Zato na a nan ka faɗa: ka dace da µF (ma'aunin yawan cajin da take ɗauka) da volt, ba ka duba zafi ba. Fanel ɗin wuta yana son mai 105°C kuma mai ƙaramin ESR. In ka je Zongo Lane ka nemi wannan da bakinka, kuma ka yi hattara da wadda ta yi maka arha fiye da kima ko da an buga mata Rubycon ko Nichicon, don jabu sun yi yawa.

Kafin ka ɗora wa kafasita laifi, binciki maƙwabtanta. Tana jingine da ƙarfen da ke shanye zafi? Ƙura ta toshe ramukan iska? Auna wutar da ke kanta, ko ta haura abin da aka rubuta, sannan ka gwada diyod ɗin da ke gabanta, wato abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. Wadda aka juya wa ƙafa ba ta jiran wata uku, nan take take fashewa. Hawan wuta bayan dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, ya fi taɓa babbar mai 400V.

Talabijin ta biyu kuwa, bushewa ce ba kumburi. ESR yana sauka in kafasita ta ɗumama, shi ya sa talabijin ɗin take kamawa daga baya. Ƙananan nan masu 10µF zuwa 47µF kusa da IC ɗin wuta, wato ɗan guntun da ke sarrafa wutar, su ne suka saba haka. Hura musu iskar diraya mai zafi, in talabijin ɗin ta tashi da wuri ka kama ɓarawon. Mitar µF tana iya nuna maka lamba mai kyau a kan matacciya, mitar ESR ce ke tona ta.

Babbar kafasita tana iya riƙe wajen volt 325 ko fiye, ko bayan an zare filogi. Sauke cajinta da rezista, wato abin da ke rage gudun wuta, kafin ka sa hannu, kada ka haɗa ƙafafunta da sukudireba.